Wayar sifika mai kitso, daga Utah zuwa Zoo Road

Assalamu alaikum mutanen Kano. Yau daga jihar Utah ta Amurka nake magana da ku, kuma bidiyon nan naku ne, masu situdiyo a Zoo Road, da masu kai kayan sauti gidan biki, da matasan da ke kula da lasifikar masallaci.

Ku dubi wayar nan da ke hannuna. Bari in matso da ita kusa da kyamara. Kun ga silalanta a saƙe suke, kamar kitson mata? Ta kamfanin Kimber Kable ce, wanda Ray Kimber ya kafa a 1979, yana garin Ogden a nan Utah. Kafin nan mutumin yana aikin haɗa sauti da fitilu a gidajen disko a Los Angeles. Fitilun suna cusa wa wayar sifika ƙara, shi ne ya gwada saƙa silalan, ƙarar ta ragu sosai. Daga wannan dabara kamfanin ya tashi. Yanzu suna yin waya ta jan ƙarfe da ta azurfa, wasu kuɗinsu ya kai dubban daloli.

Ni dai ba zan ce wa ɗan Kano ya sayi ta azurfa ba. Azurfa ta fi jan ƙarfe ɗaukar wuta da kusan kashi 6 cikin 100 ne kawai, ƙara wa jan ƙarfen kauri kaɗan ya cike wannan. Zinariyar da ake shafa wa bakin fulogi kuwa amfaninta ba ta tsatsa, shi ke nan.

Abin da ke ci min rai namu ne na gida. A tara kuɗi a sayi amfilifaya mai kyau, a zo wajen waya sai a ce a kawo kowace iri. Malam yana tafsiri, sifika tana ƙugi, tsofaffin da ke sahun baya ba sa jin rabin karatun. Wallahi abin da ciwo, don gyaransa ba ya cin kuɗi.

Idan ka shiga Sabon Gari sayen waya, ɗan'uwa, riƙe reza. Kankare sili ɗaya. In fari ya bayyana a ƙarƙashin jan, alminiyom ne aka yi wa rufin jan ƙarfe, wuta ba ta bin sa kamar na asali, ga saurin karyewa. A hannu ma za ka ji ba ta da nauyi. In sifikar tana nesa, nemi mai kauri, kamar mai murabba'in milimita 2.5, don siririya tana shanye ƙarfin sautin a hanya.

Makirufo kuma a ba shi wayar XLR, wato wadda fuloginta ke da ƙafa uku. Sauti yana tafiya ta sili biyu, ɗaya a juye, suna isa mikisa, wato na'urar haɗa sauti, sai ƙarar da suka kwaso a hanya ta kashe kanta. Kada a shimfiɗa ta jere da wayar janareta. In dole ne su haɗu, a gitta su.

Sai ƙurar hunturu. A riƙa goge bakin fulogi, a duba sodar ciki, wato dalmar da ta manne silalan da fulogi, a daina naɗe waya a gwiwar hannu, yana murɗe ta har ta tsinke daga ciki. Wanda sifikarsa ke ƙugi ya faɗa min irin wayar da ya sa da tsawonta, mu duba tare.