Wa ke cewa jirgi ya cancanci tashi?

Assalamu alaikum, masu kallonmu.

Da safiyar Alhamis, 11 ga Yulin 1991, wani jirgi ƙirar DC-8 ya tashi daga filin jirgin saman Sarki Abdul'aziz da ke Jidda, ya nufi Sakkwato. Mutum 261 ne a cikinsa, fasinja 247 da ma'aikata 14, kuma galibin fasinjojin alhazanmu ne da suka sauke farali suna ɗokin gida. Jirgin na kamfanin Nationair ne na ƙasar Kanada, yana jigila da sunan Nigeria Airways. Mintuna kaɗan da tashi wuta ta mamaye shi. Matuƙan suka juyo domin su sauka, amma bai kai titi ba. Babu wanda ya tsira.

Mafarin abin iskar taya ce. Zan dawo kan wannan safiya, amma sai mun fara ganin ƙofofin da jirgi ke ratsawa kafin doka ta yarda ya ɗauki ko mutum guda.

Tushen dokar yarjejeniya ce da ƙasashe suka sanya wa hannu a birnin Chicago na Amurka a watan Disambar 1944. Ita ta haifi hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, mai hedikwata a Montreal. Yarjejeniyar ta ce duk jirgin da zai tsallaka iyaka dole ya riƙe takardar shaidar cancantar tashi, kuma ƙasar da ta yi masa rajista ita ke da alhakinta. Idan kuka ga 5N a farkon lambar rajista a jikin jirgi, na Najeriya ne, hukumar sufurin jiragen sama ta ƙasar, NCAA, ce ke sa masa ido. Idan 5U ne, na Nijar ne, yana ƙarƙashin takwararta ANAC.

Sai dai tun kafin a zo ga jirgi guda, ana fara tantance ƙirar kanta. Boeing na kai nata ga hukumar FAA ta Amurka, Airbus kuma ga EASA ta Turai, a shafe shekaru ana gwaji. Ana ɗaure jirgi a ƙasa, a riƙa lanƙwasa fukafukansa har nauyin ya kai ɗaya da rabi na mafi tsananin abin da ake sa ran zai gamu da shi a sama, kuma dole su jure. Ana harba mataccen tsuntsu cikin inji da kan gilashin gaba. Ana cika jirgin da mutane, a kashe fitilu, a toshe rabin ƙofofi, a ce kowa ya fita cikin daƙiƙa 90. Da aka gwada jirgin Airbus ƙirar A380 a Hamburg a 2006, mutum 873 suka fice cikin daƙiƙa 78. Duk wata matsalar na'ura da za ta iya hallaka jirgi gaba ɗaya kuwa, sai kamfani ya nuna da lissafi cewa yiwuwarta bai wuce sau ɗaya a awa biliyan guda na tashi ba.

Yawancin waɗannan sharuɗɗa da rayukan mutane aka rubuta su. A 1954 jirage biyu ƙirar Comet na Ingila suka tarwatse a sama kusa da Italiya, ɗaya a Janairu ɗaya a Afrilu. Masu bincike a Farnborough ta Ingila suka tsoma gangar jikin wani Comet cikin ƙaton tankin ruwa, suna matsa shi suna saki sau dubbai har ya tsage. A nan aka ga cewa ƙarfe ma yana gajiya. Kowane tashi jikin jirgi yana kumbura, kowace sauka yana sacewa, kamar wayar da kake lanƙwasawa gaba da baya har ta karye. Shi ya sa ba shekaru kaɗai ake ƙirga wa jirgi ba, har da awannin da ya yi a sama da yawan tashi da saukarsa.

Hukumar da ke tantancewa ma tana iya kuskure, kuma wannan ya fi ba ni tsoro. Boeing 737 MAX ya samu amincewar FAA, alhali an sa masa wata manhaja, MCAS, mai danna hancin jirgi ƙasa bisa bayanin na'urar awo guda ɗaya tak. A Oktoban 2018 jirgin Lion Air ya faɗa teku a Indunusiya da mutum 189. Ranar 10 ga Maris 2019 na Ethiopian Airlines ya faɗi jim kaɗan da barin Addis Ababa da mutum 157, cikinsu har da Farfesa Pius Adesanmi na Najeriya. Aka dakatar da ƙirar a duniya baki ɗaya, kuma Amurka ba ta sake ta ba sai Nuwamban 2020, bayan an gyara manhajar an ƙara wa matuƙa horo.

To, a ce kamfani a Kano ko Yamai ya sayo jirgi. Hukuma za ta duba ko ta amince da ƙirarsa, ko an soke tsohuwar rajistarsa, domin jirgi ba ya zama da rajistar ƙasa biyu, sannan ta nemi takardar ƙasar da ya fito. Daga nan masu dubawa su zauna da tarihin jirgin, wanda kan cika kwalaye. Shawarata ga duk mai shirin sayen jirgi ita ce ya fara duba takardu kafin fenti da kujeru. Inji mai kyan gani wanda tarihinsa ya yanke a tsakiya, a idon doka kusan tarkace ne.

Yanzu ga wurin da aka fi yin sake. Takardar cancantar tashi tana aiki ne kawai muddin ana kula da jirgin yadda aka amince. Kowane kamfani yana da jadawalin gyara da hukuma ta sa wa hannu: duban yau da kullum, ƙaramin duba bayan wasu ɗaruruwan awanni, babban duba wajen kowace shekara biyu, da kuma mafi girma da ake yi bayan shekaru shida zuwa goma, inda ake kwance jirgi har a ga ƙarfensa tsirara. A ƙasashenmu ƙurar hunturu da zafin bazara suna cin inji fiye da yadda ake gani a Turai, don haka mai hankali ba ya jiran sai ranar ƙarshe ta jadawali.

Idan aka gano aibi a wata ƙira, hukuma takan fitar da umarnin gyara na dole, da wa'adinsa. Wa'adi ya wuce ba a yi ba, jirgin ya fita daga doka ko da injinsa na kukan lafiya. Akwai kuma jerin na'urorin da aka yarda a tashi ko da sun lalace, kowace da sharaɗinta da adadin kwanakinta. Wannan sassauci ne mai iyaka, ba hanyar tara gyara ba ce. Kayan gyara ma kowanne da takardar asalinsa. A 2023 aka gano wani kamfani a Landan, AOG Technics, yana sayar da sassan injin CFM56 da takardun jabu, sai da kamfanoni suka sauke jirage suna neman sassan ɗaya bayan ɗaya.

Duk wannan yana taruwa ne a wuri guda: sa hannun injiniya mai lasisi a littafin jirgi. Matuƙi ba ya buɗe inji, ba ya auna kowace taya. Littafi yake karantawa, ya yarda da wanda ya rubuta. Ga matasanmu da ke koyon wannan sana'a a kwalejin sufurin jiragen sama ta Zariya, ku sani ranar da manaja zai tsaya a kanku yana duba agogo tana nan tafe. Doka ta ba ku ikon ƙin sa hannu, kuma ba ta ba kowa ikon sa hannu kan aikin da bai tabbatar ba.

Mu koma Jidda. Bincike ya gano cewa kwanaki kafin haɗarin an auna tayoyin, an ga biyu ba su kai iskar da doka ta gindaya ba, amma ba a ƙara musu ba, kuma an sauya lambobin da ke takardar gyara. A safiyar tafiya babban makanike ya nemi iskar naitirojin, wadda da ita ake cika tayar jirgi. Ba a same ta nan take ba, jami'in da ke kula da jigilar kuma bai yarda a jinkirta ba. Wanda ya sa hannu cewa jirgin lafiya yake, ba ya cikin waɗanda suka yi aikin.

Da jirgin ya fara gudu a titi, tayar da ke kusa da mai ƙarancin iska ta ɗauki nauyin da ya fi ƙarfinta ta fashe, ɗayar ta bi ta. Ƙarfe ya riƙa gogar kwalta har wuta ta tashi. Matuƙan ba su da na'urar da za ta nuna musu wuta a wurin, sai suka naɗe ƙafafun jirgin kamar kullum, suka shigar da robar da ke ci cikin cikinsa, kusa da wayoyin lantarki da bututun man sarrafa jirgi. Wutar ta cinye su, ta ci daɓen da fasinjoji ke zaune a kai, jirgin ya faɗi saura ƙasa da kilomita uku ya kai titin sauka.

Allah Ya jiƙan alhazanmu da ma'aikatan jirgin, Ya ba iyalansu haƙuri.