Amsoshin Tambayoyinku: Hannun Ƙasa a Ɗumamar Duniya

Masu sauraro, barkanmu da warhaka. Wasiƙar farko daga Garwa take. Wani malamin makaranta ne ke cewa ya ji ana yabon dazuzzukan ƙasashen sanyi, irin na Jamus da Amurka, wai su ke shanye iskar da ke ɗumama duniya. To itatuwa ne kaɗai, ko ƙasar ma da hannunta?

Malam, da hannunta dumu-dumu, kuma karɓa take tana bayarwa. Saiwoyi suna numfashi, ƙananan halittun da ido ba ya gani suna cin ganyen da ya zube, dukansu suna fitar da iskar kabon. Zafi ke ƙara musu kuzari: in ɗumin ƙasa ya ƙaru da digiri 10, abin da take fitarwa yakan kusa ninkawa.

An ma gwada. A dajin jami'ar Harvard da ke Amurka, tun 1991 aka binne wayoyin lantarki a ƙasa, suna ƙara mata digiri 5 dare da rana. Sakamakon da aka fitar a 2017 ya nuna ta rasa kusan kashi 17 cikin 100 na kabon da ke santimita 60 na samanta. Abin da ya fi ɗaukar hankalina, asarar ba a jere ta zo ba. Ta yi ƙarfi, ta lafa na wasu shekaru, ta sake tasowa, domin halittun cikin ƙasar sun sauya, suka koma cin abin da a da ya gagare su.

Iskar mesan kuwa, wadda ita ma ke ɗumama duniya, ruwa ne alƙalinta. Ƙasar daji mai sako-sako, wadda iska ke ratsawa, tana da bakteriya masu cinye mesan daga sararin sama. Ruwa na kwanciya, iska ta yanke, sai wasu su karɓi aiki, su kuma samar da mesan suke yi. Shi ya sa manyan motocin jan katako, in suka danne ƙasa ta dunƙule, sukan rage mata wannan amfani. Akwai ta uku, naitros oksaid, wadda ke yawaita inda sinadarin naitrojin ya yi yawa ƙasa kuma ta jiƙe, ko lokacin da ƙanƙara ke narkewa. Ƙarfinta wajen ɗumama duniya ya haura na kabon sau 270.

Wata ɗaliba daga Yagwa tana tambaya ko gonakin shinkafar bakin Logon sun shiga lissafin. Ƙanwata, sun shiga. Duk fadamar da ruwa ya daɗe a kanta tana fitar da mesan. In manomi ya janye ruwa na 'yan kwanaki a tsakiyar noma, ƙasa ta sha iska, mesan ɗin yakan ragu sosai, sai dai kada ya yi haka lokacin da shinkafa ke fure, don kada amfanin gonar ya ragu.