Kafin Ku Zaɓi Antibairas, Ku Duba Wanda Ke Tsaron Kwamfutarku Yanzu

Assalamu alaikum, masu kallonmu. Tun da kamfanin Microsoft ya janye tallafinsa ga Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, wato ya daina aiko mata da gyare-gyaren tsaro na yau da kullum, tambaya guda ce ta fi yawa a saƙonnin da ake turo mana, wato wace manhajar antibairas ce ta fi dacewa mutum ya saka a kwamfutarsa. Wasu suna tambaya ne saboda sun sayi sabuwar laftof, wasu kuma saboda an tsorata su cewa tsohuwar tasu ta zama kango. Akwai ma waɗanda suka rubuto cewa sun saka guda uku a lokaci ɗaya domin hankalinsu ya kwanta, amma kwamfutar sai ƙara nauyi take yi kullum. Za mu zo kan sunayen manhajojin, sai dai akwai mataki ɗaya da ke zuwa kafin zaɓe, wanda galibin mutane ke tsallakewa, kuma a kansa za mu fi daɗewa, wato sanin wace manhaja ce ke tsaron kwamfutar a daidai wannan lokaci.

Aiki biyu antibairas ke yi. Na farko shi ne tsaron kowane lokaci, inda manhajar ke zaune a cikin tsarin kwamfutar tun daga lokacin da aka kunna ta, tana duba duk fayil ɗin da aka sauke, aka buɗe ko aka kwafo daga filash, kafin ya samu damar yin komai. Na biyu shi ne binciken da mai kwamfuta ke umartar ta da yi, ta bi fayiloli ɗaya bayan ɗaya, ta gama, ta ba da rahoto. Ku riƙe wannan bambanci da kyau, domin duk ruɗanin da za mu warware daga nan ya samo asali.

Yanzu ku dubi allo. Mun danna maɓallin Start, mun rubuta Windows Security, mun shiga sashen Virus & threat protection. A gefe akwai rubutun da ke cewa Manage providers, kuma idan aka danna shi za a ga sunan manhajar da Windows ta amince cewa ita ce ke riƙe da tsaro. A wannan kwamfuta da muke nuna muku, sunan da ya fito shi ne Microsoft Defender, alhali mai ita ya tabbatar mana cewa bai taɓa saka antibairas ba. Gaskiyarsa ne, domin tun daga Windows 8, wadda ta fito a 2012, kowace Windows tana zuwa da cikakken antibairas a cikinta kyauta, kuma yana fara aiki tun ranar farko ba tare da an neme shi ba. Saboda haka duk wanda ke amfani da Windows 10 ko Windows 11 yana da antibairas, sai fa idan wani ya kashe shi.

Ga inda maganar take. An tsara Defender ne ta yadda da zarar an saka wani cikakken antibairas daga wani kamfani, shi sai ya ja da baya, ya bar wa baƙon aikin tsaron kowane lokaci. Mutane da yawa suna zaton sabon da suka saka ƙari ne a kan na farko, suna ganin sun ninka kariyarsu, alhali musanya suka yi. Idan wanda aka kawo ya fi Defender inganci, to an ci riba, idan kuma bai kai shi ba, mutum ya sallami mai ƙarfi da hannunsa ya ɗauki rarrauna, kuma babu wata alama a fuskar kwamfutar da za ta sanar da shi hakan.

Dalilin wannan ja da baya yana da sauƙin fahimta. Ku ɗauka an ajiye masu gadi biyu a ƙofa ɗaya, kowannensu an ce masa shi kaɗai ne ke da ikon caje duk mai shigowa. Baƙo zai zo, wannan ya riƙe jakarsa, wancan ma ya riƙe, kowanne yana jiran ɗan'uwansa ya saki, kuma kafin a jima kowannensu zai fara zargin ɗayan saboda ya gan shi yana taɓa kayan mutane. Haka abin yake a cikin kwamfuta. Manhajoji biyu masu tsaron kowane lokaci suna kama fayil ɗaya a lokaci ɗaya, sai kwamfutar ta yi nauyi, fankarta ta riƙa ƙara, wani lokaci ta daskare, wani lokaci ɗaya ta tsare fayilolin ɗayar. Defender yana kauce wa wannan rikici da kansa, amma manhajojin kamfanoni biyu daban ba lallai ne ɗaya ta ba ɗaya wuri ba. Wanda ya saka uku, ina roƙonsa da ya zaɓi ɗaya ya cire sauran tun yau.

Idan kun buɗe wannan shafi a kwamfutocinku, akwai abubuwan da nake so ku lura da su. Sababbin laftof da yawa suna zuwa da McAfee ko Norton na gwaji, wanda wa'adinsa ke ƙarewa bayan ɗan lokaci. A ƙa'ida Defender yakan dawo bakin aiki idan wa'adin ya ƙare, amma kada ku bar wannan ga zato, ku shiga ku gani da idonku cewa akwai sunan da aka nuna yana aiki, kuma an sabunta shi a kwanan nan. Antibairas ɗin da ya yi watanni bai samu sabuntawa ba bai san sababbin bairas ɗin da aka ƙirƙiro bayan ranar da ya tsaya ba.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda ke faruwa a wasu shagunan saka manhaja. Mai gyara zai so ya saka wa mutum manhajar da aka fasa lasisinta, Defender kuma zai hana, domin irin waɗannan fayiloli suna daga cikin manyan hanyoyin da ake shigo da bairas masu satar kalmomin sirri. Sai mai gyaran ya kashe tsaron na ɗan lokaci, ko kuma ya shiga wani wuri da ake kira Exclusions, ya rubuta wa Defender cewa kada ya ƙara duba wata folda. Ku kalli allo sosai a nan. Mun shiga Manage settings, mun gangara ƙasa, mun buɗe Exclusions, kuma ga abin da muka tarar: an keɓe faifan C gaba ɗayansa. Ma'anar wannan ita ce alamar Defender tana nan koriya shar, tana nuna komai lafiya, alhali an hana shi duba inda Windows da manhajoji da takardun mai kwamfutar suke. Tsaron da aka kashe da maɓalli yakan kunna kansa bayan ɗan lokaci, amma abin da aka rubuta a Exclusions yana nan daram sai an cire shi da hannu. Duk abin da kuka gani a wurin wanda ba ku ne kuka saka ba, ku cire shi, sannan ku yi cikakken bincike.

Haka ma antibairas ɗin da shi kansa fasa shi aka yi. Wannan manhaja ce da ake ba izinin shiga kowane lungu na kwamfuta, don haka karɓar ta daga hannun wanda ba a san ko wane ne ba, bayan ya buɗe ta ya sauya abin da ke ciki, kasada ce da ban ga dalilin yin ta ba, tun da akwai na halal kyauta a cikin kwamfutar.

To ina matsayin Smadav, wadda shagunan buga takardu da yawa ke amfani da ita? Manhaja ce daga Indonesiya, kuma masu ita da kansu suna gabatar da ita a matsayin kariya ta biyu, musamman wajen bairas ɗin filash, irin wanda ke ɓoye foldoji ya bar wa mutum gajerun hanyoyi, wato shortcuts, a madadinsu. Ba a yi ta don ta tsaya ita kaɗai ba. Malwarebytes na kyauta ma, bayan kwanakin gwajinsa sun wuce, bincike kawai yake yi idan an umarce shi, don haka yana iya zama tare da Defender lafiya. Ƙa'idar ke nan da muka faro da ita: mai tsaron kowane lokaci ɗaya tak, mai bincike na lokaci-lokaci kuma babu laifi a ƙara shi.

Sauran maganar ba ta da tsawo. Wanda ya ga yana buƙatar na kuɗi, kada ya dogara da talla ko da jerin sunayen da shafukan intanet ke wallafawa, domin da yawansu suna samun la'ada a kan duk wanda ya saya ta hannunsu. Akwai cibiyoyin gwaji masu zaman kansu, kamar AV-TEST da ke Magdeburg a Jamus da AV-Comparatives da ke Innsbruck a Ostiriya, waɗanda ke wallafa sakamakonsu kyauta. AV-TEST tana ba da maki shida-shida a fanni uku, wato ƙarfin kariya, da nauyin manhajar a kan kwamfuta, da kuma yawan ƙarar ƙarya da take yi a kan fayiloli masu lafiya. Ku duba sakamako na baya-bayan nan, za ku ga sunaye irin su Bitdefender na Romaniya, da ESET na Sulobakiya, da Norton, da shi kansa Defender, kuma tazarar da ke tsakanin na sama-sama yawanci ba ta da yawa. Mai tsohuwar kwamfuta ya fi mai da hankali ga makin nauyi. Ku kuma karanta farashin shekara ta biyu kafin ku ba da lambar katinku, domin rangwamen na shekarar farko ne, kuma sabunta rajistar yakan faru kai tsaye.

Akwai kuma batun amana. A watan Fabrairun 2024 hukumar kula da cinikayya ta Amurka ta ci kamfanin Avast tarar dala miliyan 16.5 saboda sayar da bayanan shafukan da masu amfani da manhajarsa ke ziyarta. A watan Yunin shekarar kuma gwamnatin Amurka ta haramta sayar da Kaspersky na Rasha a ƙasarta bisa dalilan tsaro, zargin da kamfanin ya musanta. Haramcin na Amurka ne, amma ya kamata mai zaɓe ya san da shi.

A nawa ra'ayin, ɗalibi ko ma'aikaci da ke rubutu da bincike da kallon bidiyo, Defender ya ishe shi, muddin yana kunne, yana sabuntuwa, kuma ba a ɗaure masa hannu a Exclusions ba. Na kuɗi yana da amfani ga mai iyali da ke son kula da na'urori da yawa a wuri ɗaya, ko mai shago da filash ɗin mutane ke shiga kwamfutarsa daga safe zuwa dare. Idan za ku sauya, ku cire tsohon ta hanyar Settings, ku kashe kwamfutar ku sake kunnawa, ku sauko da sabon daga shafin kamfaninsa, sannan ku koma Manage providers ku tabbatar suna ɗaya ne ke kan aiki. Idan kuma kuna cikin burauza wani shafi ya cika allo da jan rubutu yana cewa an gano bairas, yana kuma neman ku kira wata lamba ko ku danna wani maɓalli, to ku rufe shafin kawai, domin shafin intanet ba shi da ikon bincika faifan kwamfutarku.

Masu Windows 10 kuma, antibairas ba ya toshe ramukan da ke jikin Windows ɗin kanta. A watan Mayun 2017 bairas ɗin WannaCry ya kulle kwamfutoci a ƙasashe fiye da 150, har da na asibitocin Ingila, yana neman kuɗin fansa, ta hanyar wani rami da Microsoft ya riga ya fitar da gyaransa tun watan Maris, sai dai mutane ba su saka ba. Don haka wanda kwamfutarsa za ta iya ɗaukar Windows 11 ya koma can, wanda tasa ba za ta iya ba kuma ya shiga sashen Windows Update ya duba ko har yanzu akwai shirin ƙarin wa'adi da Microsoft ya buɗe wa masu yin rajista.