Gidan fam talatin: labarin wani leburan gona na Ingila da mashayar ƙauyensu

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Yau Ingila zamu je, amma ku manta da Landan da fadar sarauta, ƙauye zamu shiga, irin wanda in an yi ruwa taɓo ke kamo mutum har idon sawu. Mu nan in akace Bature abinda ke faɗo mana a rai Di'o ne ko Razdan da farin kaki, alhali a ƙidayar da akayi a can a 1851 babu sana'ar da takai ƙodago a gonar wani yawan maza, mutum sama da miliyan ɗaya. Shi yasa yau Bature da yawa in ya zauna bin salsalar gidansu ya buɗe tsofaffin takardun ƙidaya, sai yaga gaban sunan kakan kakansa an rubuta Ag Lab, wato leburan gona a taƙaice. Yawancinsu iyakar abinda suka bari a duniya kenan, sai kuma suna a littafin coci ranar baftisma, ranar aure da ranar binnewa. Amma akwai ɗaya da ya bar mana labarinsa da bakinsa, sunansa Joseph Arch.

An haifeshi 1826 a ƙauyen Barford cikin yankin Warwickshire. Babansa John makiyayin tumaki ne, abinda yake samu a sati sule takwas zuwa goma. Kuma kuɗin nan ai kun sansu, sune dai iyayenmu suka kashe kafin zuwan naira a 1973, kwabo sha biyu sule ɗaya, sule ashirin fam guda. Toh da sule goman nan za'a ci burodi, a sai gawayin ɗumi a ƙasar da sanyi ke kisa, a ɗinka sutura. Nama kam sai jefi jefi, shima ɗan kitse ne a shafa.

Sai dai gidan su Arch suna da abu ɗaya da maƙwabtansu basu dashi, kuma ina so ku riƙe wannan domin duk labarin a kansa ya rataya. Ɗan gidan da suke ciki nasu ne. Kakansa, wanda sana'arsa gyaran shinge da haƙar magudanar ruwa, shi ya dinga ƙulle kwabo da sisi har ya tara fam 30 ya saya. Ku lissafa, fam 30 sule 600 kenan, albashin sati sittin cur in mutum bai ci ko loma ba. Sauran leburori kuwa da yawansu gidan mai gona suke zaune, ranar da ka ɗaga masa murya ranar ka rasa aiki, kuma kafin ka ankara kayanka da matarka da 'ya'yanka suna bakin hanya. Mutum irin wannan ko an taka shi sai dai ya cire hula yace na gode.

Mamansa Hannah ta taɓa aikatau a gidan sarautar Warwick, ta iya karatu, kuma mace ce da bata ɗaukar raini. Matar limamin cocin ƙauyen ta taɓa bada umarni wai duk 'yan matan makaranta a yanke musu gashi a zagaye kamar an kifa musu kwano, Hannah tace nata 'ya'yan kam ba mai taɓa musu kai. Daga nan aka daina basu miya da gawayin da gidan liman ke rabawa talakawa lokacin sanyi, bata je roƙo ba. Shima baban an kawo masa takarda yasa hannu yana goyon bayan dokar hatsi, dokar da ta ɗora haraji kan hatsin waje don alkama tayi tsada masu gona suji daɗi talaka kuma ya sai burodi da tsada, yace ba zai sa ba. Manoman yankin suka haɗa baki, sati 18 ba wanda ya bashi aiki. Hannah ce ta riƙe gidan da wankau da guga. Amma ba wanda ya isa ya koresu daga ɗakinsu.

Akwai abinda yaron ya gani yana shekara bakwai wanda ni kaina duk sanda na tuna sai raina ya sosu. Ranar Lahadi ce, an fidda yara daga coci za'a ci Jibin Ubangiji, wato ɗan burodi da ruwan inabin da Kirista ke tashi su karɓa a gaban coci, shi kuma ya koma ya leƙa ta kafar makulli. Sai yaga mai ƙasar ƙauyen ya fara tashi shi kaɗai, bayansa manyan manoma, bayansu masu sana'a su maƙeri da mai shago, sai can ƙarshe bayan kowa ya koma ya zauna leburori suka taso cikin rigunan aikinsu, babansa na ciki yana tafe kai a sunkuye. A ɗakin ibada fa. Ya ruga gida yana tambayar mamansa me babansa ya yi da bai kai sauran ba.

Makaranta shekara uku kawai yayi. Yana shekara tara aka turashi gona korar hankaki, awa sha biyu a tsaye cikin iska ana biyansa kwabo huɗu a yini. Daga nan ya koma yaron garma, ya koyi yankan ciyawa da dogon laujen nan nasu, ya gaji sana'ar kakansa ta shinge har ya zama gwani ana nemansa gari gari har ƙasar Wales, ko ina yaje kuma halin da ya baro gida shi yake tararwa. Yayi aure 1847, matarsa Mary Ann, suka haifi 'ya'ya bakwai, ranar Lahadi kuma yana wa'azi a ƙananan majami'un talakawa na ɗariƙar Methodist, a nan bakinsa ya buɗe.

Toh yanzu bari mu leƙa mashaya. Ba tallan giya nake ba, kuma ba zan ɓoye muku ba ta rusa gidaje da yawa, mutum ya karɓi sule goma ranar Asabar ya bar biyu a can mata na gida tana jiran na burodi. Amma in baku fahimci wurin nan ba ba zaku fahimci rayuwarsu ba. Leburan nan ya dawo jiƙe sharkaf, ɗakinsa ɗaya ko biyu, yara shida, wuta 'yar mitsitsiya don gawayi kuɗi ne. A mashaya kuwa akwai murhu na ci, akwai fitila, akwai benci mai dogon baya da ke tare iska, an barbaɗa yashi a ƙasa, kowa da lofensa na yumɓu. Kofi ɗaya mutum zai saya ya dinga kurɓa har dare saboda ɗumin da hirar. Wanda ya iya karatu ya ɗauki jarida, wani lokaci ma ta kwana biyu, ya karanta da ƙarfi kowa na ji ana musu. Wanda ba kuɗi mai gida ya rubuta masa da alli a jikin allo sai ranar biya. Manyan manoma kuwa ɗakinsu daban a ciki, ko a nan ma ba'a haɗa benci.

Kuma wurin ya wuce wurin sha. Matafiyi nan yake sauka ya kwana a bawa dokinsa ciyawa, mai amalanken da ke kai kaya kasuwa nan yake tsayawa a bashi saƙo, gwanjon gona nan akeyi, kai ko gawa aka tsinta a kogi sau da yawa nan jami'in bincike ke zama da shaidu, don babu wani babban ɗaki a ƙauyen. Abinda yafi burgeni shine asusun taimakon juna, kusan kamar adashe amma na ranar wahala, duk wata kowa ya kawo 'yan kwabbansa a zuba a akwati mai makulli uku kowane makulli hannun mutum daban, in ka kwanta ciwo a baka wani abu duk sati, in ka mutu a binneka da mutunci. Abinda suke gudu gidan gajiyayyu ne na dokar 1834, inda ake raba miji da mata da 'ya'ya kowa ɓangarensa. Mai mashayar kansa galibi ba wani attajiri bane, tun dokar 1830 duk mai biyan harajin gida in ya biya fam biyu da sule biyu zai iya saida giya a zaurensa, sai kaga miji na gona ko maƙera da rana matar ce ke riƙe da wurin. Daga 1869 kuma lasin ya koma hannun alƙalan yanki, alƙalan nan kuwa sune dai masu ƙasa da limaman coci, kunga duk mai mashayar da ya bari leburori suka yi taron neman haƙƙi a ɗakinsa da abincinsa yake wasa.

Kuma a lokacin kowa na tune da abinda ya faru a ƙauyen Tolpuddle a 1834, leburori shida da aka yankewa hukuncin kora zuwa Ostareliya na shekara bakwai don sun yi rantsuwar kafa ƙungiya.

Duk da haka watan Fabrairu 1872, wata safiya ana ruwa Arch na gida yana haɗa akwati, sai ga leburori daga ƙauyen Wellesbourne da ke kusa dasu sunzo roƙonsa yazo yayi musu magana. Me yasa shi? Ya iya magana, ya iya aikin da manoma basa iya rabuwa dashi, sannan ba mai korarsa daga gida. An shirya taron a mashayar Stag's Head ana zaton mutum talatin ko arba'in, da ya iso da daddare sai ya tarar ɗaruruwa sun taso daga ƙauyukan kewaye da ƙafa, labari baki da baki kawai, ɗaki ya kasa ɗauka. Aka fito ƙarƙashin wata babbar bishiya, aka rataya fitilu a kan sanduna, aka kawo masa bencin da ake yanka alade a kai ya hau, ya yi magana kusan awa guda yana kallon fuskokin da yunwa ta tsotse. A daren mutane suka fara bada sunayensu.

Buƙatarsu sule 16 a sati maimakon 12. Watan Maris suka shiga yajin aiki, watan Mayu a garin Leamington aka kafa ƙungiyar leburorin gona ta ƙasa baki ɗaya Arch ne shugaba, zuwa 1874 membobi sun haura 86,000 kuma albashi ya ɗan ɗaga a wurare da yawa. Masu gona basu kwanta ba, a shekarar suka kori dubban 'yan ƙungiya a gabashin ƙasar, asusu ya ƙare wajen ciyar dasu, da yawa suka haɗa kaya sai Kanada da New Zealand, shi yasa yau zuri'ar ƙauye ɗaya zaka sameta warwatse a nahiya uku. Ƙungiyar ta dinga raguwa har ta mutu 1896. Amma kafin nan, 1884 leburan gona ya samu 'yancin jefa ƙuri'a, 1885 kuma yaron nan mai korar hankaki ya shiga majalisar dokoki yana wakiltar arewa maso yammacin yankin Norfolk, ya faɗi 1886, ya dawo 1892 ya zauna har 1900.

Sanda sojojin Lugga suka shiga Kano da Sakkwato a 1903 tsohon nan na raye, ya koma Barford yana zaune a ɗan gidan nan dai na fam talatin da ke kallon cocin da ya leƙa ta kafar makulli. A ƙauyen ya rasu watan Fabrairu 1919 yana da shekara 92. Daga baya ɗaya daga cikin mashayun Barford, sunan da aka rubuta a allon ƙofarta Joseph Arch.