Adon Kirsimeti da ake ci: biskitin citta, sarƙar gugguru da yankan lemu

Jama'a barkanmu da warhaka, barkanmu da sanyi. Nan Jos hunturu ya kankama, da safe sai mutum ya yi ta maza kafin ya taɓa ruwa. Yau ba ni kaɗai ba ce a kicin, ina tare da jikokina biyu, babbar shekararta 9, ƙaramin kuma 5. Ku gai da mutane mana. Yawwa, Allah ya yi muku albarka. Abin da za mu haɗa yau kayan adon bishiyar Kirsimeti ne, amma irin wanda idan biki ya wuce ba ya komawa kwali. A ciki yake ƙarewa.

Kada wata ta ce sabon salo na ƙirƙiro. Asalin adon ke nan. A ƙasashen Jamusawa aka fara kafa bishiya a cikin gida, kuma akwai rubutun shekarar 1605 daga birnin Sitirasbog, wanda yanzu yake cikin Faransa, da ya ce ana rataya wa bishiyar tuffa da alewa da furannin takarda. Ƙwallayen gilashin nan masu ƙyalli daga baya suka zo, wajen tsakiyar ƙarni na 19. To kun ga mu ne a kan tsohuwar hanya.

Mu fara da kwaɓin biskit, don shi ne mai cin lokaci. Fulawa gwangwanin madara 4, wato kusan giram 350. Bota giram 125, rabin sandar nan ta giram 250 ke nan. Sukari gwangwani 1, in kin samu mai ruwan ƙasa ya fi ba da launi. Ƙwai 1, zuma babban cokali 4, garin citta ƙaramin cokali 2, kirfa ƙaramin cokali 1, garin kanumfari ɗan abin da yatsu biyu za su ɗauka, sai bekin soda ƙaramin cokali 1. Cittar nan tawa ta Kachia ce. Kudancin Kaduna ne gidan citta a ƙasar nan, kuma tana da yaji sosai, saboda haka in yaranki ƙanana ne ki rage zuwa cokali ɗaya da rabi.

Kai auta, an wanke hannu? Nuna mini. To zo ka murza bota a cikin fulawa da yatsunka, har ya zama kamar garin kwaki. Wannan aikin yara ne, ki bar musu, ko da rabin fulawar za ta koma kan riga. Ke kuma uwar ɗakina, fasa ƙwai a wancan kwano, ki zuba zuma ki kaɗa. Sai mu haɗa duka mu cuɗa. Ba a zuba ruwa. Da farko za ki ga kamar ba zai haɗu ba, ki yi haƙuri ki ci gaba da murzawa, ɗumin hannu ne yake haɗa shi. In ya zama dunƙule mai santsi, ki naɗe a leda ki sa a firji minti 30. In babu wuta, ki rufe ki ajiye a wuri mai sanyi, ai a wannan watan ba a rasa shi.

Ga wanda na kwaɓa tun safe. Ki barbaɗa fulawa a tebur, ki murza da kwalba in ba ki da katakon murji. Kaurinsa ya kai rabin santimita. In ya yi siriri zai karye a zare, in ya yi kauri zai ja reshe ƙasa. Ba sai kin sayi ƙarafan yanka ba. Bakin kofin shayi yana fitar da da'ira, tauraro kuwa ki zana a kwali ki yanke, yaro ya ɗora a kan kwaɓin, ke ki bi gefe da wuƙa. Dubi na auta, wai rago ne. Ni dai kare na gani, amma mai abu ya ce rago, to rago ne. Kada ki gyara musu. Duk shekara wanda ya karkace shi ake fara nunawa baƙi.

Yanzu ku kasa kunne, nan ne wurin da mutane suke faɗuwa. Hudar zare kafin gashi ake yin ta. Ki ɗauki bututun shan lemo ki huda, ki bar kamar faɗin ɗan yatsa tsakanin huda da baki. Shekarar da na fara, sai da na gasa faranti biyu cif sannan na tuna, na ɗauko ƙusa ina hudawa, duk suka farfashe. Da shayi muka shanye adonmu tun ranar 20 ga wata. Kuma da kin fitar daga wuta, tun suna da laushi, ki sake zura bututun, domin kwaɓin yana kumbura ya tsuke hudar.

Gashi a oben, zafi digiri 180 na ma'aunin Salshiyas, minti 12 zuwa 15, har gefe ya fara yin duhu kaɗan. Wadda ba ta da oben, ki zuba yashi mai tsabta a gindin babbar tukunya, ki rufe ya yi zafi, ki ɗora faranti a kan yashin, wuta kaɗan-kaɗan. Haka iyayenmu suka gasa kek shekara da shekaru. Wuta dai ba ruwan yara da ita. Ku matsa baya.

Akwai wata dabara da take burge su. Ki yanke ƙaramar da'ira a tsakiyar biskit da murfin kwalba, ki daka alewa mai tauri, ja ko kore, ki cika ramin idan saura minti 5 a sauke. Za ta narke ta zama kamar gilashin tagar coci. Amma dole ki shimfiɗa takardar gashi a ƙasa, kuma kada kowa ya taɓa sai ta huce sarai. Narkakken sukari ya fi tafasasshen ruwa ƙuna.

Na zane kuwa, garin sukarin da ake yi wa kek ado, ki ɗiga ruwan lemon tsami har ya yi kaurin man goge baki. Ki zuba a ƙaramar leda, ki tsinke ƙurya, ki miƙa musu. Ni ba na sa ɗanyen farin ƙwai, tunda yara za su lashe rabi kafin ya bushe.

Kafin biskit ya huce, mu ja sarƙar gugguru. Wannan kuma Amurkawa ne suka shahara da ita. Gugguru marar gishiri marar sukari, kuma wanda ya kwana, domin sabo yana ruguzawa a allura. Zare ki ninka biyu, ki ƙulla dabino a ƙarshe don kada su zame. Gugguru biyar, zabibi ɗaya, gugguru biyar, yankan dabino. Babbar ce take riƙe allura, ƙaramin shi ne mai ƙirga ya miƙa. Ga lissafi ya shigo ba tare da kowa ya yi kuka ba. Yaron da bai kai shekara 4 ba kada a ba shi gugguru, yana iya shaƙe shi. Jaririn da bai cika shekara ba kuma ba a ba shi zuma, to biskitin nan ba nasa ba ne.

Lemu ba shi da wahala. Ki yanka sirara, ki tsane ruwan da tsumma mai tsabta, ki jera a faifai, ki rufe da yadi marar kauri saboda ƙura da ƙuda, ki shanya kwana uku ko huɗu kina juyawa. Iskar hunturu ce za ta yi aikin. Ita ce kuma take sa biskit ya zauna da ƙarfinsa a reshe, abin da ba zai yiwu da damina ba.

Maganar bishiya, ba dole sai ta roba ba. Busasshen reshe mai rassa, a kafa a bokiti da yashi, a naɗe bokitin da atamfa, shi ke nan. Ki ɗora bokitin a cikin faranti mai ɗan ruwa, tururuwa ba ta ƙetare ruwa. Kuma kada ki rataya da wuri. Ranar 23 ko 24 ya isa, a cinye kafin 27, tun ƙura ba ta yi masa nata adon ba. Sauran ki zuba a roba mai murfi, a haɗa da cincin ɗin da za a kai wa maƙwabta. Maƙwabciyata Hajiya tun bara ta karɓi awon, ta yi wa jikokinta wata da tauraro da ƙaramar Sallah.

To, sun huce. Kawo zare ja. Auta, taurari 12 muka gasa, ga 11 ina gani. Buɗe bakinka in gani.