Maganin Oksijin Mai Matsi: Me Yake Warkarwa, Me Ba Ya Warkarwa?

Ana yin maganin oksijin mai matsi ne da wata na'ura mai kama da tanki, wadda ake kwantar da mutum a ciki. Sai a rufe ƙofa, a ƙara matsin iska ninki 2 zuwa 3 a kan na waje, ya riƙa shaƙar oksijin zalla na kusan awa 2.

Iskar da muke shaƙa kullum kashi 21 cikin 100 ne kawai oksijin, kuma jajayen ƙwayoyin jini ne ke dakonta. Idan matsi ya ƙaru, sai oksijin ta narke a cikin ruwan jinin kansa, kamar gas a lemon kwalbar da ba a buɗe ba. Ta haka take kaiwa ga naman da jini ya daina isa sosai.

Inda aka fi tabbatar da amfaninsa shi ne ga masu nutso a teku da suka taso da sauri har iskar naitirojin ta yi kumfa a jininsu. Matsin yana ƙanƙantar da kumfar. Ana kuma amfani da shi ga wanda ya shaƙi gubar hayaƙin janareta ko gawayi a rufaffen ɗaki, da mai ruɓewar nama irin wadda ƙwayoyin cutarta ba sa jure oksijin.

Sai gyambon ƙafa na masu ciwon sukari. A nan akwai buƙatar haƙuri, domin akan yi zama 20 zuwa 40, kuma ƙari ne a kan wankin ciwo da daidaita sukari. Wanda ya yi watsi da waɗannan ya dogara da tanki kaɗai, yana iya rasa ƙafarsa.

Abin takaici, akwai masu tallarsa da sunan maganin ciwon daji (kansa), galahanga da cutar mantuwa. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka (FDA) ba ta amince da shi don waɗannan ba, amma iyalai na ta zuba dukiyarsu saboda tausayin nasu.

Yana da nasa haɗarin. Kunne yakan toshe ko ya yi ciwo, gani yakan dushe na ɗan lokaci, jefi-jefi akan samu jijjiga. Wuta kuwa tana ci da sauri inda oksijin ta yi yawa, shi ya sa ba a shiga da waya, ashana ko man shafawa. Wanda huhunsa ya huje har iska ta taru a ƙirjinsa, ba a saka shi ciki sai an fara yi masa magani.