Mai zanen kimiyya da haƙƙin guminsa

Assalamu alaikum. Malamaina, 'yan'uwa ɗalibai, na gode da kuka zauna duk da wannan zafin.

Tambayar da ake yawan yi mini ita ce: tunda kowa na da kyamara a aljihu, me kuma mai zane zai tsinana wa kimiyya? To, ku ɗauki hoton tsuntsu a kan reshe. Kyamara za ta kwaso komai, da inuwar ganye, da fiffiken da ya karye, da hasken da ya dusashe launin ƙirjinsa. Ba ta san abin da mai bincike yake nema ba. Shi kuwa mai zane sai ya duba tsuntsaye goma ko ashirin na jinsi ɗaya, namiji da mace, babba da ɗan tsako, sannan ya fitar da siffa guda wadda ta tattara kamanninsu, ya bar abin da ba shi da amfani. A 1934 wani Ba'amurke, Roger Tory Peterson, ya fitar da littafin gane tsuntsaye, ya riƙa sa 'yar kibiya tana nuna alamar da ta bambanta wannan tsuntsu da wancan. Kibiyar nan ta sa mutanen da ba su taɓa shiga jami'a ba suka iya gane tsuntsu daga nesa ba sai sun harbe shi ba. A yankinmu ma, littafin tsuntsayen Afirka ta Yamma na Nik Borrow da Ron Demey, wanda ya fito a 2001, da zane aka cika shi, kuma Borrow ne ya zana.

Aikin tsirrai ya fi ba ni sha'awa, ku yi haƙuri in ɗan daɗe a nan. Sau da yawa abin da ake miƙa wa mai zane busasshen tsiro ne da aka danne a takarda, wataƙila shekara hamsin da ta wuce. Furen ya yamutse, launi ya tafi. Sai ya ciri fure ɗaya ya jiƙa a ruwan zafi har ya yi laushi, ya sa shi ƙarƙashin na'urar ƙara girma, ya buɗe shi da allura, ya ƙirga sassansa ɗaya bayan ɗaya, ya auna. Kowane zane da ɗan layin awo a gefensa, domin mai karatu ya san ainihin girman abin. Idan ya ƙara gashi a ganyen da ba shi da gashi, ya ɓatar da duk masanin da zai dogara da wannan shafi. Don haka nake cewa mai zanen nan abokin bincike ne, kuma wani lokaci shi ke fara lura da abin da masanin bai gani ba.

Zaman kai a wannan sana'a tsohon abu ne. Maria Sibylla Merian, haifaffiyar Frankfurt a 1647, ta sayar da zane-zanenta ta haɗa guzuri, ta hau jirgin ruwa zuwa Suriname da ke Kudancin Amurka a 1699, tana da shekara 52, ita da 'yarta. A zamanin da mutane da dama suka ɗauka daga laka ƙwari ke fitowa, ta zauna tana kiwon tsutsa, tana kallon yadda take rikiɗa ta zama malam-buɗe-littafi, tana zana kowane mataki tare da ganyen da tsutsar ke ci. Littafinta ya fito a 1705.

Ku zo kusa da gida. A Gadoufaoua, cikin hamadar Nijar, an tono ƙasusuwan wata dabba da ta rayu kimanin shekara miliyan 110 da suka wuce. Paul Sereno da abokan aikinsa suka raɗa mata suna Nigersaurus a 1999. Haƙoranta sun haura 500, bakinta mai faɗi ne. Ba wanda ya taɓa ganinta da rai. Siffar da duniya ta sani, masu zane ne suka gina ta a kan ƙashi, tsoka bayan tsoka, suna tambayar masana a kowane mataki. Haka kuma a yaƙi da kurkunu, zanen mace tana tace ruwa da ƙyalle ya isar da saƙo ga waɗanda ba su karatun boko.

Yanzu maganar kuɗi, wadda ita ce ta kawo ni. Abin takaici ne a rubuta kasafin bincike, a sa kuɗin mota da na masauki da na bugawa, a mance da mai zane, sai ana gab da miƙa aiki a kira shi a ce ya taimaka. Malamaina, don Allah ku sa shi cikin kasafi tun farko, ku tafi da shi daji, ku rubuta sunansa ƙarƙashin zanensa.

Ku kuma matasa masu son shiga, kada ku fara aiki sai an yi yarjejeniya a rubuce: zane nawa, gyara sau nawa, yaushe za a biya, da nawa ne kafin alƙalami. Ku bambanta sayar da izinin amfani da sayar da haƙƙin mallaka gaba ɗaya. Wanda ya biya don mujalla ɗaya bai sayi damar buga zanenku a riga da kalanda ba.

Na ga wata 'yar'uwa ta ɗaga hannu, na san a kan ƙirƙirarriyar basira, wato AI, za ta yi tambaya. Ita wannan basira tana fitar da hoto mai kyan gani, amma takan ƙara wa ƙwaro ƙafa, ta haɗa ganyen wata bishiya da furen wata, kuma ba ta taɓa riƙe samfurin a hannu ba. Dole dai a sami wanda ya san ƙwaro ƙafa shida gare shi, gizo-gizo takwas, ya duba kafin a buga. Bismillah, Malama, yi tambayarki.